Tsoro da Ƙiyayya a Siyasa: Abin da Ya Kamata Mutumin Shinaka Ya Sani

Duk wanda ya kwana a Shinaka, ko wani ƙauye na Goronyo, Rabah da Wurno cikin 'yan shekarun nan, ba sai an karanta masa ma'anar tsoro ba. Ya san yadda hira ke yankewa idan ƙarar babura ta taso daga daji bayan isha'i. Ya san manomin da ke nome gonar bakin gari ya bar wa ciyawa ta nesa, alhali ta nesan ce mai albarka. A watan Yulin 2018 'yan bindiga suka afka wa Tabanni a ƙasar Gandi ta Rabah, suka kashe mutum fiye da 30. Ranar Lahadi 17 ga Oktoban 2021 suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo tana tsakiyar ci, gwamnatin jiha ta ce mutum 43 suka rasu. Wanda ya ce wa mutanen nan su daina jin tsoro, bai san inda ke musu ƙaiƙayi ba.

To amma tsoro daban, ƙiyayya daban, kuma a tsakaninsu ne siyasa ke kafa rumfarta. Tsoro da shi aka halicce mu, shi ke sa uwa ta janye ɗanta daga bakin rijiya. Ƙiyayya kuwa shuka ta ake yi, a yi mata ban ruwa. Yadda ake shukar ba wuya: a ɗauki laifin mutum mai suna a rataya wa jama'a dukkanta. Yau ana cewa "yaran Bello Turji ne suka shigo", gobe sai a ce "Fulani ne", jibi kuma an koma "ai duk halinsu ɗaya". A can ruga ma haka abin ke tafiya, daga "'yan sa-kai sun kashe wane" zuwa "Hausawa na son ƙarar da mu". Da zarar sunan mai laifi ya ɓace cikin sunan ƙabila, mai laifin ya samu mafaka, wanda bai ji ba bai gani ba kuma ya shiga uku.

Watan Oktoban 2021 ɗin nan ya isa misali. A farkonsa 'yan sa-kai suka kashe Fulani a kasuwar Mamande ta Gwadabawa, har da limami a cikinsu. Ba a jima ba 'yan bindiga suka far wa kasuwar Unguwan Lalle a Sabon Birni, sannan ta Goronyo ta biyo baya. Kasuwa uku, kuma a kowacce waɗanda suka mutu mutane ne da suka fito neman abin sawa a bakin salati. Kowane ɓangare ya kira abin da ya yi ramuwar gayya, alhali wanda aka rama a kansa ba shi ya yi gayyar ba.

Me ya sa 'yan siyasa ke son wannan haja? Saboda arha. Gina asibiti, gyara magudanun noman rani da ke shan ruwa daga madatsar Goronyo, kawo taki kafin damina ta yi nisa, duk suna cin kuɗi da lokaci, kuma jama'a na iya zuwa su duba ko an yi. Saƙon murya na minti biyu a WhatsApp kuwa kyauta ne. Na taɓa zama a teburin wani mai shayi aka kunna irinsa: murya ce ta wani da ba wanda ya san shi, yana rantsuwa cewa idan wane ya ci zaɓe "su" za a sakar wa gari. Ba wanda ya tambayi su wa, ba wanda ya tambayi mai maganar ina ya ji. Kafin shayina ya huce mutum uku sun tura shi gaba. Mutumin da aka tsorata ba ya tambayar ina kuɗin rijiyar da aka yi alkawari bara, abin da yake so kawai a ce masa ga mai kare shi.

Kuma a jiharmu ƙuri'a kaɗan na juya lissafi. A 2019 Aminu Waziri Tambuwal ya kayar da Ahmed Aliyu a zaɓen gwamna da ratar ƙuri'a 342 kacal, bayan ƙarashen zaɓe. Mutum 342 ba su cika layin rumfa guda ba a wasu unguwanni. Inda rata take haka, tsoro na yin aiki biyu: yana tara maka mutane a baya ba tare da ka yi musu komai ba, yana kuma hana mutanen abokin karawarka fitowa. Idan 'yan bangar siyasa suka fasa akwati biyu da safe, tsofaffi da mata sun koma gida ke nan. A watan Fabrairun 2023 hargitsi ya sa hukumar zaɓe ta ce zaɓen sanatocin Sakkwato duka uku bai kammala ba, sai a Afrilu aka ƙarasa.

Abin ba yau ya fara ba. A zamanin NPC ta Sardauna, wanda nan Rabah aka haife shi, da NEPU ta Malam Aminu Kano, an sha jifan 'yan NEPU da cewa maƙiya addini ne da sarauta, wasu sun sha ɗauri a kotunan alƙalai, har aure ya mutu a wasu gidaje saboda jam'iyya. Bayan zaɓen shugaban ƙasa na 2011, ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta an kashe mutum fiye da 800 a Arewa cikin kwana uku. A Ruwanda kuwa, kafin kisan kiyashin 1994, gidan rediyo ne ya yi ta kiran 'yan Tutsi kyankyasai har kunne ya saba. Baki ke fara sara kafin adda.

Wani abin da ke ba ni takaici shi ne yadda ake tono tarihi a mai da shi makami. Za ka ji matashin da bai taɓa zuwa Alkalawa, tsohon babban birnin Gobir, ba yana maganar faɗuwarta a 1808 kamar jiya aka yi, yana neman fansa a kan yaro mai kiwon awaki. Ai tarihin ya fi haka faɗi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda kabarinsa ke Wurno tun 1837, ya kafa garin a matsayin ribaɗi, ya kuma ƙarfafa wa makiyaya su zauna wuri guda su yi noma da sana'a da karatu tare da sauran jama'a. Daga nan aka yi ta auratayya, har yau da wuya ka samu babban gida a ƙasar nan da ba jinin ɓangarorin biyu a cikinsa. Mai cewa a raba, sai ya fara gaya mana ta wane gefe zai tsaga kakarsa.

To mene ne madadin? Ba wa'azin "mu so juna" kaɗai ba, don yunwa da bindiga ba sa jin wa'azi. Na farko dai a mayar wa laifi sunansa. Wanda ya yi kisa ko satar mutane, ɗan bindiga ne ko ɗan sa-kai ko mai kai musu rahoto da man fetur daga cikin gari, a kama shi, a gurfanar da shi a kotu a bainar jama'a. Inda ba hukunci, ramuwa ce ke zama alƙali. Shi ya sa nake ɗari-ɗari da sulhun da ake yi da masu riƙe da makami su kaɗai. Zamfara ta gwada a 2019, Katsina ta gwada har sau biyu, aka ɗan samu lafawa sannan abin ya dawo, domin an zauna da mai bindiga an bar marayu da zawarawa a waje, ba kuma a taɓa tushen rigimar ba.

Tushen kuwa sananne ne ga kowane hakimi da kowane arɗo: burtalin da aka nome, mashayar da aka toshe, ɓarnar gona da aka ci tarar da ta wuce kima a kanta, ko aka ƙi biya gaba ɗaya. Waɗannan rigingimu ne masu iyaka, ana iya auna su da igiya a yanke hukunci a zauren mai gari. Siyasar ƙiyayya ba ta son a auna, don rigimar da aka warware ba ta kawo ƙuri'a.

Muna da wani tsohon magani ma da muke rainawa, wato wasan taubasai. Bagobiri da Bayarabe, Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, kowa na tsokanar ɗan'uwansa a fito da abin da ke zuci cikin raha. Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗauki abin da muhimmanci har UNESCO ta sanya shi cikin kayan gadon duniya a 2014. Ba zai tsayar da harsashi ba, amma mutumin da kuke barkwanci da shi yana da wuya a sayar maka da shi a matsayin dodo. Ko bayan an zubar da jini ana iya sasantawa. A Kaduna, Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye sun taɓa jagorantar matasan da ke gaba da juna, Wuye ya rasa hannu, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwa, amma a 1995 suka haɗu suka kafa cibiyar sasanci. A 2015 kuma kwamitin zaman lafiya na Janar Abdulsalami Abubakar, da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar da Bishop Matthew Kukah na Sakkwato a cikinsa, ya sa Jonathan da Buhari suka sa hannu kan yarjejeniya, aka yi zaɓe ba a maimaita 2011 ba.

Dokar Zaɓe ta 2022 ta haramta yaƙin neman zaɓe da zagi ko da ingiza ƙabilanci da addini, sai dai doka a takarda take idan ba mai riƙe ta. Mai riƙe ta a Shinaka shi ne wanda ke zaune kan tabarma ranar da ɗan takara ya zo da ayarin motoci. Idan ya fara "ku yi hattara da su wane", akwai damar dattijo ya ɗaga hannu ya ce, ranka ya daɗe, mun ji, amma yaushe za a iya bin hanyar Marnona zuwa Isa ta dajin Gundumi ba tare da an yi sallama da iyali ba? Jami'an tsaro nawa za a ajiye mana, a ina, wa zai biya su? Waɗanda suka gudo daga ƙauyukansu suna kwana a makarantu da kangwaye, a ina za su jefa ƙuri'a, kuma wace damina za su koma gonakinsu?