Man Dusa: Yadda A Ke Fid Da Furfural Daga Totuwa

Totuwar masara da tukar rake da ɓawon hatsi abubuwa ne da a kan zubar ko a cusa a murhu. Amma a jikinsu akwai wani irin sukari mai suna zailos, wanda ya ke a sarƙe kamar tsakiya a zare. In an tsinke zaren, sa'an nan aka raba kowace ƙwayar sukarin da ƙwayoyin ruwa uku, sai a sami wani mai da ya ke ƙamshi kamar almon, watau furfural. Sunan daga Latin ya fito, inda furfur ke nufin dusa, domin daga dusa ne wani masani na Ingila, George Fownes, ya tatso shi a 1845.

Wannan juyi ba ya yin sauri shi kaɗai, sai da abin da masana ke kira katalis. Malamin da ke neman kalmar Hausa ba zai rasa ta a kasuwa ba: dillali ne, mai daidaita ciniki alhali hajar ba tasa ba ce. Sai dai misalin ya gaza a wuri ɗaya, gama dillali yana cin la'ada, katalis kuwa yadda ya shiga haka ya kan fita. A nan asid ɗin farar wuta ne dillalin. A kan jiƙa totuwa da shi, a rufe a tukunyar ƙarfe, a yi ta hura tururi mai zafin da ya haura digiri 150, tururin kuma ya fito da man.

Kamfanin Quaker Oats ne ya soma wannan sana'a a Cedar Rapids ta Amurka a 1922, don ɓawon hatsi ya yi masa yawa. Daga 1949 zuwa 1961 DuPont ya yi zaren nailan da furfural, kafin ya koma ga man fetur saboda araha. Yanzu ƙasar Sin ce ke yin mafi yawansa daga totuwa, Jamhuriyar Dominika da Afirka ta Kudu kuwa daga tukar rake. Galibinsa a kan juya shi ya zama ƙaro mai riƙe yashin da a ke zuba narkakken ƙarfe a ciki.

Aibin hanyar shi ne, asid ɗin bai san inda aikinsa ya ƙare ba. Muddin man bai bar tukunya da wuri ba, sai ya haɗu da sauran sukarin su dunƙule su zama baƙin dauɗa. Saboda haka kusan rabin abin da lissafi ya nuna ne kawai ke zuwa hannu, ga cin tukunya, ga gurɓataccen ruwa. Shi ya sa masu bincike suka juya ga katalis mai ƙarfi kamar dutse, irin su ziyolait, wanda a ke tacewa a sake aiki da shi, ko da ya ke dauɗan nan kan toshe ƙofofinsa, sai an ƙone shi kafin ya sake ci.