Tawul mai kare fentin mota a lokacin hunturu

Da zarar hazon hunturu ya sauka a Abuja, motocin da ke harabar Sakatariyar Tarayya sukan lulluɓe da ƙura kafin a tashi aiki. Direbobi da dama sai su kama gogewa da tsumma, alhali ƙurar nan garin yashi ce mai karce fenti, ta kuma zubar da darajar mota ranar sayarwa.

Tawul ɗin maikurofaiba, wanda zarensa ya fi gashin mutum siranta, yana tsotse ruwa ba tare da dirza ba. Sharaɗinsa shi ne a fara ɗauraye motar tas, sannan a shimfiɗa shi a riƙa dannawa a hankali, daga rufi zuwa ƙasa. In ya faɗi ƙasa kuwa, ba ya komawa jikin mota sai an wanke shi.