Abin da ya kamata ku sani kafin shiga aikin agajin gaggawa

Idan mota ta yi hatsari a kan hanya, jama'a ne ke fara isa wurin. Wani ya kama hannu, wani ƙafa, a cusa mai rauni cikin adaidaita sahu. Niyya mai kyau ce, amma idan ƙashin wuyansa ya karye, ɗaukar nan kaɗai tana iya taɓa laka, ta bar shi shanyayye har ƙarshen rayuwarsa. Ma'aikacin agajin gaggawa, wanda ake kira paramedik, shi ne aka horar don wannan lokaci. Zai tallafe wuya kada ya motsa, ya buɗe hanyar numfashi, ya danne inda jini ke zuba, ya sa ƙarin ruwa, duk kafin motar ɗaukar marasa lafiya ta isa asibiti.

A Najeriya, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin ya fara horar da irin waɗannan ma'aikata a 2008. Yanzu ana karatun a matakin difloma ta ƙasa, shekara biyu, sannan babbar difloma, wasu shekara biyu. Mai nema sai ya zo da kiredit biyar a WAEC ko NECO, da suka haɗa da Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistri da Fiziks. Wani ɓangaren karatun a aji ne, wani kuwa a sashen gaggawa da cikin motar ɗaukar marasa lafiya.

Kafin ku biya ko sisi, ku tabbatar hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, mai hedikwata a Kaduna, ta amince da makarantar da kuma kwas ɗin kansa. Na nanata wannan ne saboda masu kwas ɗin mako biyu sun yi yawa, suna raba takardu masu ado. Takardar BLS, ta koyon matakan farko na ceton rai, tana da amfani ƙwarai, a nan ake koyon danna ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, amma wa'adinta shekara biyu ne, kuma ba ta mai da mutum paramedik.

Akwai wata hanyar da 'yan Arewa suka fi sabawa da ita: a yi karatun jinya, a ci jarrabawar Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya, a karɓi lasisinta, sannan a ƙaro karatu a fannin haɗurra da gaggawa. Lasisin nan sabunta shi ake yi. Mai son aiki a waje kuma ya sani cewa a Birtaniya babu mai amsa sunan paramedik sai ya yi rajista da hukumar HCPC.

Aikin akwai wuya: kwanan zaune, jini, da ɗaukar mai nauyi. Amma ƙofa na buɗuwa, domin a 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin NEMSAS na agajin gaggawa a Abuja. Matasanmu, musamman mata, ku nemi wannan karatu, domin mace mai naƙuda da jini ya ɓalle mata cikin dare tana buƙatar hannun da ya iya.