Darasin Wusasa: Hali Ya Fi Wa'azi Nisan Tafiya

A ƙasar Hausa Kiristoci 'yan ƙalilan ne idan aka gwada su da maƙwabtansu Musulmi, shi ya sa wasu kan ɗauka ba su da wani tasirin da za su yi sai dai su kama kansu a cikin majami'a. Tarihin Wusasa, ƙauyen da ke gindin dutse a yammacin birnin Zariya, ya nuna ba haka abin yake ba.

A 1900 Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS ya shigo Arewa cikin ayarin Bishop Tugwell. Sun isa Kano, Sarki Alu ya sallame su. A 1905 Miller ya zauna cikin birnin Zariya yana ba da magani yana koyar da yara. Zaman bai rasa tsamin dangantaka da fada ba, kuma jama'a da yawa na kallon mishan a matsayin ɗan rakiyar Turawan mulki. A 1929 aka koma Wusasa, inda majami'ar St. Bartholomew da makaranta da asibitin St. Luke suka kafu. A 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa.

Waɗanda suka karɓi Kiristanci ba su taɓa yin yawa ba. Amma a dubi irin mutanen da wurin ya yaye. Dokta R.A.B. Dikko shi ne likita na farko ɗan Arewa, kuma da aka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda galibin 'ya'yanta Musulmi ne, shi aka ɗora a shugabanci. John Tafida ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, littafin da har yau ake karantawa a makarantu. Farfesa Ishaya Audu, likitan yara, shi Sardauna Ahmadu Bello ya amince wa ya riƙa duba lafiyarsa, daga baya ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Shugaba irin Sardauna ba ya miƙa jikinsa ga wanda bai yarda da shi ba. Abin da ya buɗe wa waɗannan mutane ƙofa shi ne ƙwarewa da riƙon amana, waɗanda Musulmi da Kirista duk suka gani da idonsu.

Wannan kuwa shi ne ainihin koyarwar Linjila. A sura ta 5 ta Matiyu, Yesu Almasihu ya kwatanta mabiyansa da gishiri da haske. Kowace mai girki ta san ɗan gishiri kaɗan ke gyara tukunyar miya, in kuma ya yi yawa ko ya tsaya dunƙule a wuri ɗaya, miyar ta ɓaci. Manzo Bulus, a wasiƙarsa ga Galatiyawa, ya lissafa halayen da ake gane mai bi da su, cikinsu har da ƙauna da haƙuri da aminci da kamun kai. Babu ɗaya daga cikinsu da ake gwadawa ranar Lahadi cikin sabuwar riga. A ranakun aiki ake gane su, lokacin da aka ɓata wa mutum rai ko kuɗin da ba nasa ba ya shigo hannunsa.

To, ina wannan ya shafi wanda ba likita ba, ba farfesa ba? Mai sayar da hatsi a kasuwar Sabon Gari yana da nasa fage: mudunsa ya cika, kada ya bubbuge gindinsa, kada ya zuba tsohuwar masara a ƙasan buhu ya rufe da sabuwa. Ma'aikaciyar jinya da ke aikin dare, idan aka kawo mai naƙuda da ƙarfe biyu, ta tashi ta karɓe ta ba tare da tsaki ba, ba tare da tambayar sunanta don ta gane addininta ba. Malamin makaranta ya shiga aji ko albashi ya makara. Ma'aikacin ofis ya fito da fayil ba sai an ba shi na goro ba. Maƙwabci kuwa ya je gaisuwar mutuwa, ya je barkar suna, ya rage ƙarar lasifika lokacin da ake salla.

Akwai gargaɗi guda. Alherin da aka yi da sharaɗin sai mutum ya canza addini ya zama ciniki, kuma talaka ba ya daɗewa bai gano ba. Akasin haka, asibitin Galmi da mishan ɗin SIM ya buɗe a Nijar a 1950 har yanzu cike yake da marasa lafiya, mafi yawansu Musulmi, wasu ma daga Najeriya suke tsallakawa, domin sun san za a duba su yadda ake duba kowa.

Saboda haka iyaye da fastoci su sa ido kan tarbiyya kamar yadda suke sa ido kan yawan masu zuwa sujada. Yaron da aka koya wa mayar da canjin da ya wuce, da faɗin gaskiya ko za a hore shi, shi ne gobe unguwa za ta damƙa wa ajiyarta, ta kira shi sulhu idan rigima ta tashi.