Kiɗa da ƙwaƙwalwa: Abin da kimiyya ta gano, da darasinsa ga Kudancin Kaduna

A ranar 1 ga watan Janairun kowace shekara, dubban jama'a ne ke hallara a garin Kagoro da ke kusa da Kafanchan domin bikin Afan, inda busar ƙaho da amon ganguna ke tashi daga gindin dutse. Haka al'ummar Ham ke gudanar da bikin Tuk Ham a Kwoi. A majami'u kuwa, ƙungiyoyin Zumuntar Mata na rera waƙa da tulu da kacau-kacau, yayin da sha'irai ke raya dararen Maulidi da bege.

Mene ne ke faruwa a jikin ɗan Adam a irin waɗannan lokuta? Tambayar ta haɗa likitocin ƙwaƙwalwa da masana halayyar ɗan Adam da masu nazarin al'adu a fage guda.

Masana sun tabbatar da cewa kiɗa ba ya tsayawa a sashen ji kaɗai. Yana motsa sassan ƙwaƙwalwa masu kula da motsin gaɓoɓi, shi ya sa ƙafa kan soma bin ganga tun kafin mai ita ya ankara. A shekarar 2011, Valorie Salimpoor da Robert Zatorre na Jami'ar McGill a Kanada sun nuna cewa ƙwaƙwalwa na sakin sinadarin dofamin, mai alaƙa da jin daɗi, a lokacin da kiɗa ya kai mutum ga tashin tsigar jiki, har ma da ɗan lokaci kafin nan, yayin da yake ɗokin isowar wurin.

Likitoci sun daɗe da cin moriyar wannan. Tun 1973 aka ɓullo da wata dabara a birnin Boston na Amurka, wadda ke koya wa masu shanyewar ɓarin jiki furta kalmomi ta hanyar rerawa. A 2008 kuma, wani bincike a birnin Helsinki ya gano cewa irin waɗannan majinyata da suka riƙa sauraren kiɗa kullum sun fi samun farfaɗowar tunani da natsuwa. Kiɗa dai ba ya maye gurbin magani, amma tallafi ne mai rahusa ga iyalan da ke jinya a gida.

Ta fuskar zamantakewa, Sebastian Kirschner da Michael Tomasello sun gano a 2010 cewa yara 'yan shekara huɗu da suka yi waƙa da rawa tare sun fi saurin taimakon juna. Binciken Jami'ar Stanford na 2009 ya nuna makamancin haka ga manya. Wannan bai zama baƙon abu ga manomi ba, wanda ya san yadda gangar noma ke daidaita fartanyu a ranar gayya.

To sai dai ƙarfin da ke ɗinke jama'a, shi ne kuma kan iya ware su daga maƙwabta. A Ruwanda, gidan rediyon RTLM ya riƙa sanya waƙoƙin Simon Bikindi wajen rura wutar ƙiyayya a kisan ƙare-dangi na 1994. Yankin da ya ɗanɗana rikicin Kafanchan na 1987, da na Zangon Kataf na 1992, da na bayan zaɓen 2011, ya san nauyin wannan gargaɗi.

A watan Maris na 2016, al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomin Jama'a da Kaura da Kachia da Sanga da Zangon Kataf sun rattaba hannu kan Yarjejeniyar Zaman Lafiya ta Kafanchan. Yarjejeniya kan takarda tana buƙatar abin da zai raya ta a zukata, kuma binciken masana na nuni da hanya: amfanin kiɗa ya fi bayyana ne idan an yi shi tare, ba a kalle shi daga nesa ba. Idan ɗaliban Bajju da Atyap da Fantswam da Hausa da Fulani suka koyi waƙoƙin juna a aji ɗaya, to an shuka abin da taron sulhu kaɗai ba zai iya shukawa ba.