Zanzibar: Tsibirin Da Mata Ke Noma A Cikin Teku

'Yan uwana mata, duk wadda ta taɓa daka kanumfari a yaji ko ta jefa shi a kunun zaƙi, to ta san ƙanshin Zanzibar tun ba ta je ba, domin nomansa ne ya fito da sunan wurin. Tsibirin yana cikin Tekun Indiya, kuma a 1964 ya haɗe da Tanganyika aka sami ƙasar Tanzaniya. Daga Darussalam muka shiga jirgin ruwa, tafiyar kusan awa biyu, ni kuwa da ban taɓa ganin ruwan da ya wuce na Tiga ba, salati kawai nake yi har muka sauka.

Tsohon garinsu lungu ne bayan lungu kamar cikin birnin Kano, ga ƙofofin katako masu sassaƙa, ga kiran salla ta ko'ina, don yawancin mutanen Musulmi ne. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne zanen matansu da ake kira kanga. Kowanne da karin magana a rubuce a gefensa da Swahili, saboda haka mace na iya yi wa kishiyarta habaici ba tare da ta buɗe baki ba, ɗaura zane kawai za ta yi ta gifta.

Washegari muka nufi dajin Jozani ganin jan biri, wanda babu irinsa a duniya sai a Zanzibar. Wallahi da idona na ga yana gaigayar gawayi kamar ya sami ƙuli-ƙuli! Ashe ganyen da yake ci ne ke da guba, gawayin kuwa shi ne maganinsa. A ƙaramin tsibirin Changuu kuma muka tarar da manyan kunkuru, kowanne ya fi turmi girma, waɗanda aka fara kawowa kyauta daga Seychelles a 1919.

To amma abin da ya tsaya mini a rai a ƙauyen Paje na gan shi, can gabashin tsibirin. Da ruwan teku ya janye, sai ga mata sun shiga har gwiwa, sun zauna cikin ruwa suna ɗaura wata ciyawa da suke kira mwani a jikin igiyoyi. Bayan kamar sati shida su girbe ta, su ɗauko a ka, su shanya, a saya a fita da ita ƙasashen waje, inda ake sa ta a man goge baki da kayan kwalliya. Tun 1989 ake wannan noma, kuma da kuɗinsa mata da yawa suka biya wa 'ya'yansu makaranta, suka sayi kayan ɗaki ba tare da jiran maigida ba.

Sai dai aikin da wuya. Rana ta dake ki, gishiri ya ci miki fata, kuɗin kuma bai taka kara ya karya ba. Ga shi ruwan bakin teku yana ƙara ɗumi, ciyawar tana ruɓewa, dole sai an matsa inda yake da zurfi, alhali yawancinsu ba su iya iyo ba. Kin san me wasu suka yi? Iyayen 'ya'ya, da ɗankwalinsu da dogayen rigunansu, suka shiga koyon iyo don kada sana'ar ta kuɓuce musu.

Na tsaya ina kallonsu, sai kunya ta kama ni, ni da ke ƙorafi in an ce na ɗebo ruwa a rijiya. 'Yar uwa, ko kina makaranta ko kina ɗakin miji, riƙe sana'arki da kyau, ko ɗinkin hula ne ko lalle. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.