Katafila a tafin hannu: neman tsofaffin injunan hanya daga Azagor zuwa Turai

Babu layin dogo a Azagor. Babu shi a Dakoro, cibiyar gundumar, kuma babu shi a duk arewacin jahar Maraɗi. Amma a wannan yanki, inda gonakin hatsi suke ƙarewa makiyaya ta soma, da wuya mutum ya ratsa gari bayan kaka bai ci karo da yaro yana jan mota da igiya ba. Gangar jikinta ta kara ce, ƙaya ce ƙusa, ƙafafu kuwa an yanko su daga sakaina ko tsohon silifa. Mai ɗan hali ya haɗa da gwangwanin madara da waya. Abin lura shi ne yaron ba ya ƙera abin da bai gani ba. In motar haƙa rijiya ta kwana a gari, ko katafila ta zo gyaran hanya, kafin mako ya zagayo an fitar da ita da kara, har da bakin tura ƙasa.

A Turai wannan wasa na manya ne, kuma yana cin kuɗi. Magidanci yakan keɓe ɗaki guda, ya shimfiɗa ƙaramin layin dogo a kan tebur, ya gina tasha da gada da tsauni, jirgi yana zagayawa da lantarki. Kamfanin Märklin na Jamus, wanda aka kafa a 1859, da Jouef na Faransa, wanda ya soma a 1944, sun daɗe suna ciyar da wannan sha'awa. A birnin Hambug ma akwai wani gida mai suna Miniatur Wunderland, da aka buɗe a 2001, inda jama'a ke biyan kuɗi su yi kallo. Masu wannan harka sun san jirgi da taragu ba su da wuyar samu. Abin da ke ba su wahala shi ne kayan gefen layi: tsohuwar katafila, injin daɓe hanya, motar juye yashi, irin na shekaru sittin ko saba'in da suka wuce.

Wahalar farko ta awo ce. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa, wanda ake kira HO, yana rage kowane abu sau 87. Mutum ya koma kamar santimita 2, motar kaya mai tsawon mita 8,7 ta koma santimita 10. To amma kamfanonin da suka shahara wajen ƙera ƙananan injunan gini, kamar NZG da Conrad na Jamus, sun fi aiki da ragin sau 50. In aka ajiye katafilarsu kusa da jirgin HO, sai ta yi masa tsaye kamar raƙumi a garken awaki. Matchbox na Ingila kuwa, da ya fito a 1953, bai damu da awo ba. Abin da ya dame shi kawai kaya ya shiga ɗan akwatinsa. Duk da haka masu tara tsofaffin kaya suna girmama shi, domin ukun farko da ya fitar dukkansu na aikin gini ne: injin daɓe hanya, ƴar motar juye ƙasa, da injin kwaɓa siminti.

Wahala ta biyu ta zamani ce. Ba a ɗora injin haƙa mai aiki da matsin mai, irin wanda Poclain na Faransa ya yaɗa a shekarun 1960, kusa da jirgin gawayi na 1930. Mai ido zai gane nan take, kamar yadda dillalin shanu yake gane shekarun sa daga haƙori.

A nan ne ma'aikaci ko ɗan kasuwar Maraɗi da ya so ya gina tarihin jaharsa a kan tebur zai gamu da abin da Bature bai gamu da shi ba. Jirgi ya iso Kano a 1911, Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930. Ta gefen Dahome, wato Benin ta yau, layin da ya taso daga Kwatano ya tsaya a Paraku, kilomita 438 daga teku, bai ƙara gaba ba. Gyaɗar Maraɗi da Damagaram a mota take tafiya har bakin dogo. Da farko ta Kano take bi, sannan daga 1953 Faransawa suka ƙirƙiro shirin da suka kira Hirondelle don karkata ta zuwa Paraku. Ashe teburin da zai faɗi gaskiyar wannan ƙasa, rabinsa hanya ce da manyan motoci da dalar buhuna, jirgi yana can ƙurya. Ko faɗin layin ma ba ɗaya ba ne: tsohon layin Najeriya milimita 1067 ne, na Benin mita guda, alhali HO na kasuwa yana kwaikwayon mai milimita 1435.

Akwai kuma abin da babu kamfanin da ke sayarwa. Hanyoyin farko na zamanin mulkin mallaka ba katafila ta yi su ba. Talakawa ne aka tara da ƙarfi, da kwando a ka da hauya a hannu, har zuwa Afrilun 1946 lokacin da dokar Houphouët-Boigny ta soke aikin tilas. Bayan nan ne injuna suka fara yawaita. Wanda ya jera katafila a kan hanyar 1935 ya yi wa kakanni ƙarya, ko da teburinsa ya yi kyau.

Na bayan 1950 kuwa akwai inda za a lalubo. Reshen Dinky Toys na Faransa ya ƙera ƙananan motocin Berliet, irin manyan da suka yi suna a hamada tun tafiyar Berliet ta Tenere a 1959 da 1960, ya kuma ƙera injin daɓe hanya na Richier. Awonsu ya fi HO girma, saboda haka sai dai a gina teburin gaba ɗaya a kan babban ma'auni. Irin waɗannan kaya sukan ɓullo cikin tarkacen kayan wasa da ke biyo gwanjo daga Turai, ko cikin tsohon akwatin gidan wani ma'aikaci. Ɗan kasuwar da ya tsinci ɗaya ya juya cikinta ya duba, domin a nan ake buga sunan kamfani da ƙasar da aka ƙera ta. Kada ya yi mata sabon fenti. Masu saye sun fi son tsohon launi ko ya goge, kuma wadda ta zo da akwatinta na asali ta fi daraja nesa ba kusa ba. Ya duba roba, don zafin ƙasar nan yana cinye taya da sarƙar katafila. Ya duba ƙarfen kuma: wasu na da can sukan kumbura su tsage da kansu, kuma wannan ciwo ba shi da magani.

Hanya mafi kusa dai ita ce ta gida. Maƙerin farin ƙarfe da ke iya fitar da fitila ko mazurari daga gwangwani zai iya fitar da katafila, in an ba shi hoto da awo. Sai dai abubuwa biyu suna ƙarewa tare. Tsofaffin injunan gaske, da suka yi shekaru suna tsatsa a harabar ma'aikatun ayyuka, masu sayen ƙarfe suna yanka su a auna da kilo, sau da yawa ba tare da an ɗauki ko hoto ba. Motocin roba masu araha kuma sun cika kasuwannin ƙauye, yaro ba ya ganin dalilin ɓata yini yana feƙe kara. Gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai, wanda aka kafa a 1959, yana da rumfunan masu sana'ar hannu. Bai kamata a ce ya rasa kusurwa guda ta motocin kara da na gwangwani ba, kowace da sunan garinta da shekararta. Malaman lakwal na Dakoro za su iya tara su ba tare da an jira kasafin kuɗi ba.

Layin Yamai zuwa Doso, wanda kamfanin Bolloré ya shimfiɗa tsakanin 2014 da 2016, bai taɓa yin jigilar yau da kullum ba. Na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, an aza harsashinsa a Fabrairun 2021, aka ba kamfanin Mota-Engil na Fotugal kwangilar, kuma ya biyo ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Faɗinsa milimita 1435 ne, wato karo na farko ke nan da jirgin HO na kanti zai dace da layin da ya shafi jahar Maraɗi.